Revolution, maganin ƙuma da ake ɗiga wa kyanwa a dokin wuya: aikinsa, giɓinsa, da inda ake yin ɓarna

Kafin a kai ga sayen magani, a fara tabbatarwa ƙumar ce. Shimfiɗa farar takarda, ka ɗora kyanwar a kai, ka taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora tun daga wuya har gindin wutsiya. Za ka ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna zubowa kamar dakakken masoro. Yayyafa musu ruwa. In ƙasa ce, baƙa za ta zauna. In kashin ƙuma ne, nan da nan zai narke ya bar ja-ja a jikin takardar, domin jinin kyanwar ne da ƙumar ta sha ta fitar. Wannan gwajin ya fi neman ƙumar da ido, saboda kyanwa tana lasar jikinta ta haɗiye da yawansu, sai mai ita ya rantse babu komai alhali tana kwana susa.

Daga cikin magungunan da likitocin dabbobi suke rubutawa a irin wannan hali akwai Revolution na kamfanin Zoetis, wanda a ƙasashen Turai ake sayar da shi da sunan Stronghold. Abu ɗaya ne, kwalin ne ya bambanta. Sinadarin da ke cikinsa selamectin ne, kuma tun 1999 yake kasuwa, lokacin yana hannun Pfizer. Dangin ivermectin ne, wato ɗan'uwan Mectizan ɗin nan da ake rabawa a ƙauyukan bakin rafi saboda cutar makanta. Ruwa ne ɗan kaɗan a cikin ƙaramin bututun roba, ana matse shi a kan fatar dokin wuya sau ɗaya a wata.

Hukuncinsa a taƙaice: magani ne nagari, kuma a cikin irinsa yana daga waɗanda suka fi sauƙi ga jikin kyanwa. Amma ba ya yin komai da komai, yana da tsada, kuma yawancin masu cewa "bai yi ba" a wurin awo ko wurin ɗigawa suka kuskure.

Ba a saman gashi yake aiki ba. Yana ratsa fata ya shiga jini, daga nan ya bazu zuwa hanji, ya kuma taru a ƙananan jakunkunan maiƙo da ke cikin fata. Ƙuma ta ciji kyanwa, sai ya shanye mata jijiyoyi ta mutu. Ƙofofin da yake buɗewa a jijiyar ƙwaro babu irinsu a jikin dabba mai shayarwa, kuma akwai shingen da ke tare shi daga shiga ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake da sauƙi haka. A gwajin da aka yi kafin a ba shi lasisi an ɗiga wa 'yan kyanwa masu mako 6 har ninki 10 na abin da ya kamata ba a ga illa ba. Wannan ba izini ba ne na yin ganganci, sai dai yana kwantar da hankalin wanda hannunsa ke rawa a karon farko.

Abin da yake kashewa a jikin kyanwa: ƙuma, har ya hana ƙwanta ƙyanƙyashewa, ƙananan ƙwarin nan na cikin kunne masu tara baƙin datti kamar garin gawayi, su sa kyanwa girgiza kai da yakushin bayan kunne, macijin ciki, da tsutsar nan mai maƙalewa a bangon hanji tana tsotsar jini. Yana kuma rigakafin tsutsar zuciya da sauro ke ɗaukowa, wadda in ta girma a jikin kyanwa babu maganin da aka amince a kashe ta da shi. Takardar bayanin maganin ta Turai ta ƙara da kwarkwatar gashi. Macijin cikin ya isa a tsaya a kansa: ƙwansa yana fita cikin kashin kyanwa, kyanwa kuwa a yashi take binne kashinta, yashin da yara suke wasa a ciki su kai hannu baki. Gidan da ke da yara ƙanana, wannan kaɗai ya isa dalilin neman magani ko da ba a ga ƙuma ko ɗaya ba.

A wurin awo ne aka fi yin sakaci. Ƙa'idar ita ce miligiram 6 a kowane kilo ɗaya na nauyin kyanwa, kada ya gaza haka. A kwalin Stronghold an kasa shi uku: bututun miligiram 15 na mai kilo 2.5 zuwa ƙasa, na miligiram 45 mai shuɗin murfi na mai kilo 2.6 zuwa 7.5, sai na miligiram 60 na mai kilo 7.6 zuwa 10. Ɗauki kyanwa mai kilo 3. Tana buƙatar aƙalla miligiram 18. In aka ba ta ƙaramin bututu don ya fi araha, miligiram 5 ta samu a kowane kilo, ya gaza, ƙumar za ta ragu amma ba za ta ƙare ba, kuɗin kuma ya tafi. Kwalin da ya fito daga Amurka da laba yake lissafi, ba da kilo ba, kuma kilo ɗaya laba 2.2 ne. Wanda ya ga an rubuta "5" ya ɗauka kilo ne, ya kuskure da fiye da ninki biyu. A duba harafin da ke gaban lambar.

Ƙiyasi da ido ba ya aiki a kan kyanwa, gashi yana ruɗi. Hau sikeli riƙe da ita, ka sake hawa kai kaɗai, ka debe. Ɗan kyanwa kuwa a saka shi a ƙaramin kwano a ɗora a sikelin kicin, kuma a sake awon kowane wata, domin wanda yake kilo 2 yau zai iya haye iyakar bututunsa kafin zagaye na gaba. Shekarun farawa: takardar Amurka ta ce mako 8, ta Turai ta ce mako 6. A bi abin da ke jikin kwalin da ke hannu da abin da likita ya ce. Waɗanda ba su kai ba, matsefi ne maganinsu safe da yamma, a riƙa tsoma ƙumar cikin ruwan sabulu, sannan a ɗiga wa uwar, tunda an yarda da shi ga mai ciki da mai shayarwa. A ɗaga leɓen jinjirin a duba dasashinsa. In ya yi fari fat maimakon ja, ƙuma ta shanye masa jini, asibiti ya kamata a nufa, ba kantin magani ba. Haka kyanwar da ba ta da lafiya, ko ramammiya, ko wadda ta daina ci: takardar maganin ta hana a ɗiga mata.

Yadda ake ɗigawa bai kai minti ɗaya ba, amma kowane mataki da dalilinsa. A tabbata gashin a bushe yake. A fitar da bututun daga ledarsa a lokacin da za a yi amfani da shi, ba tun jiya ba. A riƙe shi a tsaye, a danna murfin ƙasa da ƙarfi har a ji ƙas, wannan ƙarar ita ce alamar ƙusar da ke cikin murfin ta huda bakin. A cire murfin a duba, ya kamata a ga ɗan rami a tsinin. Mutane da dama suna cire murfin kai tsaye ba su danna ba, su yi ta matsawa babu abin da ke fita, daga nan su ɗauko almakashi su yanke bakin, rabin maganin ya tsiyaye musu a yatsu.

Wani ya riƙe kyanwar a kan tebur, ko a naɗe ta da tawul a bar kai da wuya a waje. Wurin da ake nema shi ne gindin wuya ta baya, gaba kaɗan da allunan kafaɗu, inda harshenta ba ya kaiwa ko ta murɗa kai yaya. Da yatsu biyu a buɗe gashin har a ga fatar da ido, fara-fara kamar tsagar kitso. A dafa tsinin bututun a kan fatar, a matse sau uku ko huɗu a wuri ɗaya har ya ƙare, kuma a janye shi yana matse, domin in aka saki yana nan a wurin zai zuƙe wani abu ya koma ciki. Kada a murza. Murzawa kwashe maganin take yi zuwa gashi da tafin hannu. Kada kuma a ɗiga a kan rauni ko inda susa ta yage fata, akwai barasar asibiti a cikin ruwan, zai yi mata raɗaɗi, wata mai zuwa da ta ji warinsa sai ƙarƙashin gado.

Ko don ƙwarin kunne aka rubuta shi, a wuyan dai ake ɗigawa. Ba a zuba shi cikin kunne. Ta jini zai isa can. Dattin kunnen a goge na bakin ƙofa da auduga, a bar na ciki wa likita, sannan a koma a duba bayan kwana 30.

Bayan an gama a wanke hannu da sabulu. Barasar nan tana kama wuta, saboda haka kada a yi aikin kusa da murhu, risho ko mai shan taba, kuma kada a bar kyanwar ta je ta kwanta gindin kurfoti sai wurin ya bushe. A ranar kada yara su ɗauke ta, kada ta kwana a shimfiɗar mutane. In kyanwowin sun fi ɗaya a raba su ɗaki-ɗaki na 'yan sa'o'i, domin abin da ɗaya ba ta iya kaiwa da harshenta 'yar'uwarta za ta lashe mata shi tas. Wanka a jinkirta shi sai bayan awa 24. Bututun da ya ƙare a naɗe shi a jefa a shara, ba a kwata ko kududdufi ba, yana kashe kifi.

Abin da ya fi tayar wa masu kyanwa hankali shi ne kumfa. Minti kaɗan bayan ɗigawa sai a ga miyau yana dalala, kumfa fari a baki, tana guje-guje tana karkaɗa kai. Kusan kullum abin da ya faru shi ne an ɗiga can ƙasa a gadon baya, ko ta sosa wurin da ƙafa ta lashi ƙafar. Ɗaci ne, ba guba ba. A ba ta ɗan abincin da take so, ko ruwan dafaffen kifi marar albasa, a goge mata baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, zai lafa. Wata takan yi amai sau ɗaya. Haka wurin da aka ɗiga yakan yi tauri ko ya bar farin gari kamar alli, wannan ba komai ba ne. Kusan kyanwa ɗaya cikin 100 takan zubar da gashi a daidai wurin, faɗinsa kamar kwabo, ya sake tsirowa. Abin da ba a jira a kansa shi ne makyarkyata, tangaɗi, amai babu ƙaƙƙautawa, ko numfashi sama-sama. Ba a cika ganinsu da wannan maganin ba, amma in sun zo a tafi wurin likita da kwalin a hannu. In kuma kyanwar ta fizge rabin maganin ya zube, kada a fasa wani bututun a ƙara, a tambayi likita tukuna.

Sai ƙorafin da aka fi ji: "Na saka, bayan mako biyu ga ƙuma nan." Gaskiya ne, kuma ba laifin maganin ba ne. Ƙumar da ke jikin kyanwa yana gamawa da ita cikin kwana ɗaya da rabi. To amma wadda ake gani a jikin dabba 'yar kaɗan ce a kan abin da ke cikin gida. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma santsi gare shi, zubowa yake yi duk inda kyanwar ta kwanta: ƙarƙashin kujera, cikin kafet, tsagar siminti, bayan buhunan hatsi a sito. Ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa, tsutsar ta saƙa wa kanta kwanso ta lafe a ciki, kwanson nan kuwa ko feshi ba ya ratsa shi sosai, tana iya yin watanni sai ta ji ɗumi ko motsi ta fito. Waɗanda ake gani a mako na biyu sababbin fitowa ne, za su hau kyanwar su ciza su mutu. Shi ya sa ake cewa a yi wata uku a jere ba fashi, a yi wa duk kyanwowin gidan rana ɗaya, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi a shanya a rana kowane mako, a share lungunan da tsintsiya ba ta saba shiga ba, a ƙone sharar ko a fitar da ita nesa. Mai sayen bututu ɗaya tak don ya gwada, kusan asarar kuɗi ya yi. A rubuta ranar a kalanda, in an manta a ɗiga ranar da aka tuna a ci gaba da lissafi daga nan.

Giɓin Revolution biyu ne, kuma duka biyun sun shafi kyanwar gidan Bahaushe. Na farko, ba ya taɓa tsila. Kyanwa tana samun tsila ta haɗiyar ƙuma da kuma cin ɓera, mu kuwa akasari don ɓeran muke ajiye ta. In ka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a gindin wutsiyarta ko a inda ta kwana, gaɓoɓin tsila ne, maganinsu praziquantel, wanda ake bayarwa daban. Na biyu, ba a rubuta shi don kaska a jikin kyanwa ba, gidan da ke da tumaki, awaki ko kare kuwa ba ya rasa kaska, musamman da damina. Don toshe wannan ne kamfanin ya fitar da Revolution Plus, wanda aka ƙara wa sinadarin sarolaner mai kashe kaska. Shi kuma da sharaɗinsa: kyanwa ta kai mako 8 da kilo 1.25, ba a tabbatar da amincinsa ga mai ciki ko mai shayarwa ba, kuma a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa dangin sarolaner kan jawo wa wasu dabbobi makyarkyata, tangaɗi ko farfaɗiya. Kyanwar da ta taɓa yin farfaɗiya, a gaya wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Akwai wasu magungunan ɗigawar: Frontline yana kashe ƙuma da kaska amma ba ya shiga hanji, kuma guba ne ga zomo, masu kiwon zomaye su kiyaye. NexGard Combo ya haɗa har da tsila. Zaɓin ya danganta da irin rayuwar kyanwar: ta cikin ɗaki wadda ba ta farauta Revolution ya wadatar da ita, muzurun da ke kwana a garke yana buƙatar fiye da haka.

Tsadar ce take tura mutane inda ake rasa dabba. Magani ne na shigowa da shi, farashinsa dala yake bi, sai mutum ya fara dabara. Dabara ta farko, sayen babban bututun kare a raba wa kyanwowi. Ko da Revolution ɗin ne, na manyan karnuka ƙarfinsa miligiram 120 ne a kowane mililita, na kyanwa 60, wato ninki biyu, kuma ɗigo da ido ba awo ba ne. Amma babbar masifar ita ce yawancin magungunan ɗigawa na kare ba selamectin ba ne. Irin su Advantix da Vectra 3D akwai maganin ƙwari da ake kira permethrin mai kauri a cikinsu. Kare yana narkar da shi lafiya lau. Hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke narkar da shi, dalilin da ya sa ƙwayar farasitamol guda ma take iya kashe ta. Ɗigo kaɗan ya isa. Cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci sai washegari, kunnuwa da gashin baki su fara rawa, fatar baya tana zillo, daga nan jiki duka ya ɗauki karkarwa, zafi ya hau, farfaɗiya ta biyo baya. Ba sai an ɗiga mata ba ma: kwanciya jikin karen da aka yi wa ko lasarsa ya isa, don haka a raba su kwana uku. Duk kwalin da ke da hoton kare, ko hoton kyanwa da aka soke da layi, ba nata ba ne.

Haka abin yake ga kayan da ke kusa da hannu: maganin kaskar shanu na wanka ko na zubawa a gadon baya, fiya-fiya da Sniper, kananzir, baƙin mai, Izal. Duk abin da aka shafa wa kyanwa a jiki to a cikinta zai ƙare, tunda da harshe take wanka. Allurar ivermectin ta shanu ma, wadda likita kan yi amfani da ita da awo na ƙanƙanin sirinji, a hannun wanda bai iya lissafin ba takan bar kyanwa da makanta da suma.

In an riga an yi kuskuren, minti yana da daraja. A wanke ta nan take da sabulun wanke-wanke na ruwa, wanda ke cire maiƙo, a ɗauraye, a maimaita. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi: mai zafi yana buɗe jijiyoyin fata gubar ta ƙara shiga, mai sanyi yana ƙara karkarwa. A tsane ta da tawul a nufi asibiti da kwalin ko kwalbar. In ta riga ta fara jijjiga a bar wankan, a naɗe ta a tafi. Kada a ɗura mata manja ko madara, dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya daidai, huhu zai tafi. Permethrin ba shi da makari. Abin da likita yake yi shi ne tsayar da karkarwar da allura irin su methocarbamol ko diazepam, ƙarin ruwa, da daidaita zafin jiki har gubar ta fita, abin da kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma waɗanda aka kai da wuri da yawansu suna tashi.

Saura wurin saye da wurin ajiya. Takardar Revolution ta ce a ajiye shi ƙasa da digiri 30, bazarar Kano, Sakkwato ko Maiduguri kuwa tana wuce 40. Kwalin da ya yi watanni a kan tebur a rana a bakin kasuwa, ko a aljihun gaban mota, ba abin dogaro ba ne ko da ranar ƙarewarsa ba ta zo ba. A saya a asibitin dabbobi ko kantin da likita ya nuna, irin wanda ake ajiye kaya a inuwa da sanyi. Kowane bututu ya zo a rufe cikin ledarsa, da sunan maganin da ƙarfinsa a jikinsa, lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki na jikin ledar su yi daidai da na kwalin, takardar bayani kuma tana ciki. Bututun da aka miƙo tsirara ba kwali, a mayar wa mai shi. A gida a saka ragowar a akwatin da yara ba sa kaiwa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da wuta, kuma a rubuta nauyin kyanwar da ranar da aka ɗiga a bayan kwalin, domin su ne abu biyu na farko da likita zai tambaya in an koma.